Fuskar Yaya a Falon Kawu

Tun da safe Kawu ke tsaye a tsakiyar falo yana nuna inda za a rataye hoton. "Ɗan ɗaga shi sama. Yauwa! Baƙi na shigowa, shi za su fara gani."

Auta ya buga ƙusar. Wannan Kawun ne fa ya taɓa watsa masa gwangwanayen fenti cikin kwata, ya ce ɗan gidan mutunci ba ya ƙarewa a shafe-shafe. Yau da zanen ya ci gasa a ƙasar waje, har wani gidan talabijin na can ya turo mutane, sai ga Kawu yana cewa shi ya gano baiwar yaron tun yana rarrafe.

Fuskar da ke hoton ta Yaya ce, yayar Auta. Tun ranar da farfaɗiya ta kayar da ita a gaban maƙwabta aka mayar da ita ɗakin baya, aka ware mata kwano da kofi, wai ana ɗaukar ciwon ta yawu. A ɗakin nan Auta ya koyi zane, ba malami ba makaranta. Da rana ya rubuta allunan shaguna, da yamma ya kwaso ragowar fenti da kwalayen da aka yar. Duk gidan ba mai haƙurin zauna masa sai ita. Takan karkata fuska wajen 'yar tagar ta ce, "Ka rage min hancin nan, ko in fasa zaman."

Jiya ya yi mata alkawari da bakinsa cewa za ta fito ta gaisa da baƙin.

*

Shugabar tawagar ta daɗe a gaban hoton, sannan ta yi magana, tafinta ya fassara: "Wace ce wannan? Za mu iya ganinta?"

Kawu ya riga Auta buɗe baki. "Allah ya yi mata rasuwa, an daɗe."

 Sai a lokacin Auta ya hango kwaɗo a ƙofar ɗakin baya. Kyamara na kansa, kowa ya zuba masa ido. Ya ƙaryata mutumin da ya riƙe su tun rasuwar iyayensu, a gaban baƙi? Maganar ta zo masa har maƙogwaro, sai ya sunkuyar da kai. Baƙuwar ta ɗauka alhini ne, ta dafa ƙirji, ta ce a ci gaba da ɗauka.

*

Motoci na barin ƙofar gida Auta ya miƙa hannu. "Kawu, makulli."

"Asirinmu na rufa. In ta faɗi a gabansu fa, duniya ta gani?"

"Ai duniya ta riga ta gan ta, Kawu. Mu ne dai ba ma so mu gani."

Da ya buɗe ɗakin, ya sami Yaya zaune a bakin katifa cikin rigarta mai kyau, ta sa kwalli, takalma a ƙafa. Kunya ta hana shi ɗaga ido.

"Sun tafi?"

"Sun tafi, Yaya."

"Na ji abin da Kawu ya ce." Babu fushi a muryarta, shi ya fi yi masa ciwo. "Nasa bai dame ni ba, na saba. Muryarka na yi ta kasa kunne in ji."

Ta sunkuya ta cire takalman, ta jera su a gindin bango, sannan ta matsa gefe ta ba shi wurin zama.