Busasshen Ƙulli

Shekara goma sha ɗaya Yaya ta yi tana ɗaure ƙugiya a shagon mahaifinta na kayan kamun kifi, tun ranar da hannun Baba ya fara rawa. A bayan kantar shagon take zama, tsakanin kwalayen ƙugiyoyi da gwangwanin darma. Ta zura zare a idon ƙugiya, ta murɗa sau shida, ta maido bakin ta 'yar kafar da ta bari, ta jiƙa ƙullin da yawu, sannan ta ja a hankali har ya zauna daram. Masunta sun daina tambayar Baba, ita suke nema. Amma Baba bai taɓa buɗe baki ya ce shagon nata ne ba, ita kuwa maganar da take jira ke nan.

Ana haka sai ga Auta, ƙaninta, ya dawo gida da takardar gama karatu da wani turare mai hawa kai. Aiki dai bai samu ba, amma baki ya samu. Kwana biyu ya yi yana kallon bidiyo a waya, a na uku ya wayi gari malamin ƙulli. Mutumin da bai taɓa riƙe kifi ba sai a faranti!

"Haba Yaya, wannan ai ƙazanta ce," in ji shi, yana yatsina fuska. "Ki sa yawu a kayan da za ki miƙa wa mutane?"

"Zaren roba ne," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "In ka ja shi a bushe zafi yake ɗauka, ƙullin kuma ba ya zama."

"Camfi dai."

Ta ci gaba da ɗaurinta. Da wani tsohon direba, wanda ya daɗe yana sayayya a wurinsu, ya zo neman ƙugiya goma, Auta ya yi wuf ya karɓe aikin. Ya ɗaure su a bushe, yana fizga kamar mai ɗaure igiyar takalmi, yana kuma yi wa tsohon lacca. Yaya tana gani. Raini ya cika mata ciki har wuya, ta ce a ranta bari a bar shi, Baba ya gani da idonsa.

Ranar Asabar direban ya dawo, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Baba na zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa. Direban ya wurga zaren fatsarsa a kan kantar shagon.

"Shekara biyu ina bin kifin nan a ƙarƙashin gada. Yau ya ci, na jawo shi har na ga bayansa, sai na ji hannuna sakayau!"

Ba ƙugiya a jiki. Bakin zaren ya nannaɗe kamar gashin da aka tsefe yanzu. Duk wanda ya taɓa jefa fatsa ya san fassarar wannan: zaren da kifi ya tsinka a miƙe yake zuwa, wanda ya nannaɗe kuwa ƙulli ne ya zame.

"Kamfanonin nan ba su da tsoron Allah," Auta ya ce da sauri. "Zaren ne jabu."

Baba ya miƙo hannu aka ba shi. Ya kai zaren kusa da ido. Daɗi ya kama Yaya, don shi da kansa ya koya mata karanta wannan alamar, da ranƙwashi ma.

Sai ta ga Baba ya matse bakin zaren tsakanin farcensa da ɗan yatsa, ya ja. Ya sake ja. Da hannun nan mai rawa ya yi ta murza shi har ya miƙe.

"Zaren ne," Baba ya ce. "A ba shi wani, a yi haƙuri."

Direban ya dubi Yaya, ya dubi Baba, ya girgiza kai ya fita bai karɓi komai ba.

Baba ya gyara zama. "Dama ina son in gaya muku. Daga gobe Auta ne zai riƙe shago. Ke kuma ki riƙa ɗaure ƙugiyoyin daga ciki."

Auta ya hau gyara kwalar riga. Yaya ko kallonsa ba ta yi ba, bai kai ba. Baba take kallo, kuma rainin da ta tara wa ƙaninta duk ya koma kansa.

"Baba, ka fa ga ƙullin nan."

"Na gani," ya ce, idonsa na kan titi. "Shi ya sa na ce ke za ki riƙa ɗaure masa."