An Wanke Jakar Glenys

Enid ta fito bayan gida za ta zubar da ganyen shayi a gindin furanninta, sai ta hango jakunkuna a igiyar shanyar maƙwabcinta Cliff. Sun jeru tun daga ƙofar kicin har sandar ƙarshe, ruwa na ɗiga daga jikinsu, ƙanshin sabulu mai lemon tsami yana tsallako katanga. Dukansu sun fita fes.

Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya tana roƙon Allah kada ta ga wadda take tsoro. Tana can ƙarshen igiya, an rataye ta kai ƙasa. Ba don sawun haƙoran kare a maratayinta ba, da Enid ma ba za ta gane ta ba.

"Roslyn! Ke Roslyn, fito nan!"

'Yar Cliff ta leƙo da safar roba har gwiwar hannu. Ita kaɗai ya haifa, kuma sai da asibiti suka sallamo shi suka ce ya je gida ya huta, irin hutun da kowa ya san ma'anarsa, sannan ta tuna hanyar garinsu Keighley daga Landan.

"Anti Enid, lafiya? Baba na barci fa."

"Me kika yi wa jakunkunan nan?"

"Wanki. Nas ta ce ƙura ba ta yi wa ƙirjinsa kyau. Sai da na sake mayar da su inji kafin ruwan ya daina fita baƙi."

"Har da ta mahaifiyarki?"

Roslyn ta kalli ƙarshen igiyar, ta kawar da kai. "Ita ta fi kowacce wari."

Duk wanda ya zauna a layin nan ya san ba a wanke jakar Cliff. Tun da aka rufe masana'antar tanti da yake wa ɗinki, ya koma ɗakin baya yana ɗinka abu ɗaya tak: jakar rataya ta yadin tanti, irin wadda jarumin wani tsohon fim ɗin yaƙi ya rataya tun daga farko har ƙarshe. Akwai mutane, manya da gemunsu, waɗanda ba su da aiki ran Asabar sai su sa rigar jarumin da hularsa su taru a zauren gari suna ɗaukar juna hoto. Riga da hula ba sa wuyar samu. Jakar ce bala'i. Ta asali, ta zamanin yaƙi, sai wanda ya ci ya tada kai. Ta kamfani mai araha kuwa sabuwa ce ƙal, kana rataya ta 'yan ƙungiya za su tambaye ka ko makaranta za ka. Dillalai kan kankare tasu su jiƙa ta a ruwan shayi, su ce ta tsufa, su ninka kuɗi, kuma Cliff ya tsani wannan kamar mutuwarsa. Shi in ya ɗinka, maƙwabta yake raba wa, su yi ta rataya shekara ɗaya ko biyu, kasuwa da coci da tashar bas da ruwan sama, har ta ci wuya ta yi laushi. Sannan ya karɓa ya sayar wa direbobi da ma'aikatan sito a kuɗin da ba zai hana su cefane ba. Ladan mai rataya kwalbar zuma ce ranar Kirsimeti. Enid ta tsufar masa da jakunkuna ba ta san iyaka ba, yanzu haka akwai ɗaya a bayan ƙofarta.

Amma ta Glenys ba ta sayarwa ba ce. Ita ce ta farko da ya ɗinka da ragowar yadi, ya ba matarsa ta rataya wata shida ta dawo masa da ita. Ba ta dawo da ita ba sai da ta mutu, bayan sama da shekara arba'in. Jambaki ya narke a cikinta wata rana a bakin teku. Man soyayyen kifi ya huda takarda ya zauna a kusurwa. Murfin ya yi baƙi yana sheƙi daidai inda babban yatsanta ke ɗagawa. Cikinta na warin taba da alewar minti, wadda Glenys ke tsotsa don ta ɓoye tabar, kamar akwai wanda bai sani ba. Tun rasuwarta jakar ke rataye a jikin kujerarta, kuma Enid ta sha shigowa ta tarar Cliff ya cusa fuska a ciki. Sai ya yi firgigit ya ce ɗinki yake dubawa.

"A gidan nan aka haife ki," in ji Enid. "Kada ki ce mini ba ki sani ba."

"Na sani mana. Na san ni aka tura makaranta da jaka mai dauɗa, yara na ce mini 'yar bola, don wani ƙato a Bradford na jiran ta tsufa." Ta fizge safar hannu ɗaya. "Mama ba ta cikin jakar nan, Anti. Ƙura ce da fumfuna. Jinya na zo yi, kuma a gida mai tsabta zan yi ta."

Ta shige ta rufo ƙofa. Enid ta tsaya da buta a hannu zuciyarta na tafasa. Ta kasa rabewa ko tsabta ce ta sa Roslyn ko tsohon haushi, ta dai fi zargin duka biyun.

Washegari da hantsi Roslyn ta tafi karɓo magani, Enid ta shigo zaman jinya. An sauko wa Cliff da gado falo tunda bene ya gagare shi. Idonsa ya tafi tun bara, inuwa kawai yake gani, amma kunne na nan.

"Enid ce. Ba wanda ke taku kamar ana jan kabad sai ke."

"Ka ji tsoho. Yana kwance ma bakinsa bai mutu ba."

"Shi zai tafi ƙarshe." Ya yi tari mai tsawo, ta tallafe shi har ya lafa. "Miƙo mini jakar Glenys. Tun jiya nake wa yarinyar nan magana, sai ta ce anjima."

"Bari in duba inda ta sa ta."

A teburin kicin ta same su, an ninke an jera. Har guga Roslyn ta yi musu. Enid ta tsaya tana kallon ta Glenys, ta ji ba za ta iya ɗora wannan abu a hannun mutumin ba. Ta bi ta ƙofar baya zuwa gidanta, ta ciro tata jakar daga bayan ƙofa, ta zazzage tarkacenta a kan gado. Ta laluba ta samo tsohuwar alewar minti a aljihun rigar sanyi, ta farfasa a ciki. Saura taba, ita kuwa ba ta taɓa sha ba. Ta fita bakin titi ta duba hagu ta duba dama, ta sunkuya ta tsinci guntun da wani ya yar, ta murtsuke shi a ƙasan jakar.

"Ga ta," ta ce, ta ɗora masa a ƙirji.

Hannuwansa suka rufe jakar da sauri kamar yaro ya samu abin da aka ɓoye masa. Babban yatsansa ya tafi murfin, ya shafa gefe ɗaya, ya koma ɗaya gefen. Ya ɗaga ta ya shinshina. Ya sauke a hankali.

"Glenys bahaguwa ce, Enid. Naki baƙin a dama yake."

Ya sake shinshinawa.

"Kuma wannan ba irin tabarta ba ce. Ina kika samo wannan ƙazantar?"

"A bakin titi."

"Ke? Ke da kike goge hankici?" Ya yi dariya har ta koma tari. Da ya lafa, fuskarsa ta canza. "Tun jiya gidan nan ke ƙanshin lemon tsami. Na ji injin yana juyi, ƙarfe na ta bugun ƙofarsa. Na ce wa kaina maɓallan wando ne." Ya miƙa mata jakarta. "Na gode. Kawo waccan."

"Cliff, ka bari mana."

"Kawo ta."

Ta kawo. Ya karɓa, ya buɗe, ya cusa fuskarsa duka a ciki, wannan karon bai ce ɗinki yake dubawa ba. Enid ta juya ta fuskanci taga, don akwai abin da bai kamata a kalla ba, amma kunne ba ya rufuwa. Ta ji shi yana jan numfashi da ɗan abin da ya rage masa a ƙirji, ya sake ja, ya sake. Da ta waiwayo, yatsansa na ta kai-kawo a gefen hagu na murfin, inda babu komai sai yadi mai kaushi. Ya bi maratayin ya tsaya a kan sawun haƙoran.

"To, karen dai ya tsira," ya ce. Can kuma, ba da ƙarfi ba: "Babu ita."

A haka Roslyn ta shigo da ledar magani. Ta ga jakar a hannunsa, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Enid ta gyara zama. So take Cliff ya yi wa Roslyn tas, ya faɗa mata abin da ta yi da sunansa, don ita ta ji sanyi a ranta.

"Ros, zo nan," ya ce. "Kin wanke ta ta fita."

"Baba, nas ce ta ce..."

"Na sani. Ungo." Ya miƙa ta wajen da ya ji muryarta. "Sabuwa ce yanzu, mai rataya take buƙata. Ki zuba tarkacenki a ciki, ki shiga jirgin ƙasa da ita, ruwa ya dake ta. Ki ajiye ta a ƙasa in kin ga dama, haka uwarki ke yi. Kada dai ki wanke."

Roslyn ta karɓa. Ta riƙe ta a ƙirji na ɗan lokaci, har Enid ta soma tunanin ko ta zalunce ta a zuci. "To, Baba," ta ce. Sai ta rataye ta a ƙugiyar ƙofa, ta buɗe leda. "Lokacin magani ya yi."

Daga ranar bai ƙara neman komai ba. Ko shayi aka kawo sai ya kawar da kai, kuma bai sake cewa Enid na taku kamar kabad ba, duk da ta riƙa buga ƙafa da gangan. Ya cika wata safiya a cikin makon, motar shara na ƙara a layi. Enid na riƙe da hannunsa na dama. Na hagun yana kan bargo, babban yatsan na motsi kamar zai ɗaga wani abu, har ya daina.

Ta san da wanki da babu wanki tafiya zai yi. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne ya tafi hannu wofi, bayan abu ɗaya tak ya roƙa.

Ranar jana'iza 'yan ƙungiya suka cika cocin da hulunansu, kowa da jakar Cliff a kafaɗa. Enid ta gane nata a cikinsu: ga wadda ta zubar wa miya, ga wadda ƙofar bas ta matse. Bayan an dawo gida ana shan shayi, shugabansu Desmond, mai sayar da taya a Shipley, ya shiga kicin yana juya waɗanda aka wanke.

"Kash! An kashe su. Waɗannan ai ba su da maraba da na kamfani yanzu." Ya ciro ta Glenys daga ƙugiya ya ɗaga ta sama. "Wannan ma kare ya taɓa. Sai dai shagon gwanjon coci."

"Ku kwashe duka," in ji Roslyn. Baƙar jakar fata ce a kafaɗarta, tana duba waya. "Gobe masu sayar da gida za su zo."

Enid ta fizge jakar daga hannun Desmond, ta tari gaban Roslyn da ita. "Wannan taki ce. A gabana ya ba ki."

"Ina zan je da ita, Anti? Ofis?" Ta rage murya, idonta ya yi ja. "Ba zan iya kallonta ba. In na kalle ta sai in ji muryarsa yana cewa ta fita."

"Ai shi ya sa za ki rataya."

Roslyn ta buɗe baki za ta yi magana, sai tasin da ta kira ta yi ham a waje. Ta sumbaci Enid a kumatu, ta ce za ta kira, ta fita.

Ranar kasuwa ta zo da yayyafi. Enid ta zuba jakar kuɗinta da makullai da gidan tabarau a cikin jakar Glenys, ta rataya, ta bar lema a bayan ƙofa. Ta kusa shekara tamanin, kuma ba ta yaudarar kanta a kan abin da za ta iya yi wa yadin tanti a sauran kwanan da ya rage mata. A shagon bakin layi ta sayi alewar minti, ita da ba ta son minti. Allon masu sayar da gida na nan an kafa a ƙofar Cliff, ta wuce ba ta kalla ba.

Bas ta zo a cike da mutane jiƙaƙƙu. Ta samu kujera kusa da taga, ta sauke jakar ta ajiye a ƙasa tsakanin ƙafafunta, inda takalma suka bar laka. Da ta tashi ciro alewar, hannun dama ya riga ya kai, sai ta janye shi. Ta sa na hagu, ta ɗaga murfin da babban yatsa da ƙyar. Ƙanshin lemon tsami ya taso.