Ƙayar Aduwa a Hannun Dama

Shekarar da Turawa suka dasa dutsen iyaka a sama da Bagudo, damina uku ke nan ban kashe ayu ba. Dattawan masunta suka ce mashin marigayi babana ba abin rataya ba ne. In ruwa ya janye bana ban kawo nama ba, za a ba Attahiru, taubashina, wanda gidansu ya faɗa ɓangaren Faransa.

Ba tsoro ya hana ni ba, ƙaiƙayi ne. Mai farautar ayu yakan kafa gadon itace a kan ruwa, ya ɗaura ɗanyar ciyawa a ƙasa, ya zauna kamar kututture har dabbar ta zo ci. Gadon ya ɗan motsa, ta tafi. Ba a shafa man kaɗanya na korar ƙuda, don tana jin wari. Ni kuwa da ƙananan baƙaƙen ƙudajen bakin kogi sun cije ni, sai jikina ya tashi ruɗu-ruɗu, in yi ta susa har gadon ya yi ƙara.

Attahiru ya sauko cin kasuwa, ya tarar da ni ina goga baya a jikin kwalekwale. Ya tambayi mutane ko jakin wa ya kwance. Ya ce in riƙa shafa wa mashin mai, kada ya karɓe shi da tsatsa. Na ce ya fara koyon iyo tukuna.

Uwarsa, Goggo Batulu, ƙanwar babana ce, a gidanmu take zaune. Da ya tafi ta kira ni, ta kama hannuna ta duba. Ta ce ƙudan nan kowa suke cizo, me ya sa ni kaɗai nake kumbura?

"Ƙuda ya daɗe da tashi, Malami," in ji ta. "Jininka ne ka bori. Ya ji baƙo, ya taso da mayaƙa, su kuma suka tada jijiya da ihu. Kai ka sa farce, sai su ce yaƙi ya yi zahi, a ƙaro mutane."

Na ce to a ba ni magani, ba labari ba. Ta ciro ƙayar aduwa daga gefen zaninta. Ta ce jijiya ba ta ɗaukar saƙo biyu a tare, in zafi ya yi magana ƙaiƙayi yakan yi shiru. Na tambaye ta don me take taimakona a kan ɗanta. Ta ce mashin na yayanta ne, ta juya ta ci gaba da gyaran kifi.

Bayan sallar asuba na hau gadon. Hazo ya kwanta a kan ruwa, ba a ganin ƙetare. Ƙudaje suka zo da hasken farko. Na ji abin ya fara daga idon sawu, yana hawa kamar jerin tururuwa. Na damƙe ƙayar a tafin hannu, na matse.

Sai ƙaiƙayin ya yi shiru. Ban taɓa jin irin wannan shirun a jikina ba. Na zauna ina sauraren jinina yana komawa gida, kamar kasuwa tana watsewa. In ya sake tasowa in ƙara matsawa. Rana ta fito fara kamar ƙwarya, ruwa da sama suka zama abu ɗaya, gadon kamar yana tafiya da ni. Na ga babana a kwalekwalensa can cikin hazo, yana tuƙi ba ƙarar filafili. Ban yi mamaki ba. Wani tsuntsu ya sauka a gwiwata, ya gyara fiffike, ya tashi.

Ciyawar ta motsa. Hanci ya ɓullo, faffaɗa, mai gashi, ya yi numfashi irin na mutum mai barci. Ayu ce babba, tana ci a hankali, bayanta a buɗe gabana.

Na miƙa hannu ga mashi, sai yatsuna suka ƙi buɗewa. Tun asuba a hannun dama na riƙe ƙayar, don mu masunta ba mu karɓar abu daga babba da hagu, kuma inda na karɓa nan na bar ta. Na ɓamɓare yatsun, na jefa haka nan. Mashin ya shiga, amma ba inda nake so ba. Igiyar da ke ɗaure da mashin ta zame daga tafina mai jini, goran da ke ƙarshenta ya faɗa ruwa.

Na tsaya ina kallon goran yana haura kogi, yana nitsewa yana fitowa, har ya wuce dutsen Turawa, inda sojojin Faransa ke kama kwalekwalen da ba nasu ba. Hazo ya rufe shi.

Bayan kwana biyu Attahiru ya aiko da tsokar naman ayun da gaisuwa, bai haɗo da mashi ba. Dattawa suka ce wanda ya ja gora shi ke da abin da ke ƙarshen igiya. Goggo ta buɗe tafina ta duba ramin ƙayar. Sannan ta tambaya ko ya yi ƙaiƙayi.

Na ce a'a.