Jini Leda Ɗaya

Iliyasu yana durƙushe a gindin darbejiya yana ɗiga wa sarƙar kekensa mai sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ƙyale ta. Gobe da sassafe shi da abokansa za su tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, daga can su zagaya garuruwan Jigawa a kan keke, suna roƙon jama'a su riƙa ba da jini kyauta a asibiti. Shi ya ƙirƙiro tafiyar, bayan ƙanwarsa Hapsatu ta rasu wajen haihuwa ana cikin neman jini. Tun damina yake atisaye, ya rame ya yi baƙi, har ɗalibansa suka laƙaba masa Malam Feda.

Wayar ta sake ƙara. Manu, abokinsa tun firamare, ya ɗago daga tayar da yake yi wa iska ya ce, "Ka ɗauka mana. Wataƙila 'yan rediyo ne."

Sista Prisca ce, ma'aikaciyar jinyar da ta gwada musu jini su duka lokacin shirin tafiya.

"Malam Iliyasu, kana cikin gari? An kawo wata yarinya, Zahara'u, daga Kiyako, ta haihu, jini ya ɓalle mata. Irin naka ne da ita, wanda na ce maka yana wuyar samu. Ba mu da ko leda ɗaya."

Iliyasu ya ajiye man da ke hannunsa. Ya ce, "Sista, gobe fa za mu tashi."

"Na sani. Kuma ba zan ɓoye maka ba, in ka bayar, ba kai ba doguwar tafiya a wannan zafin sai ka huta sosai. Akwai wani mai irin jinin a Dutse, amma wayarsa a kashe take."

Manu ya ji komai. Da suka hau acaɓa ɗaya zuwa asibiti, yana bayan Iliyasu, ya sa baki a kunnensa.

"Ba na ce kada ka bayar ba. Amma ka bari a ƙara neman na Dutsen. An sanar a rediyo, masu unguwanni suna jiranmu a Gwaram, ba a ɗagawa. Kai ne mai bakin magana. Ni in aka ba ni lasifika me zan ce? Sannunku da rana?"

"Ka ce musu abin da nake faɗa."

"Ai ba ƙanwata ba ce ta rasu, Iliyasu. Kai in ka faɗa, kuka mutane suke yi."

Iliyasu ya san gaskiya ce. Kuma ya san wani abu da bai so ya faɗa wa Manu ba: yana son tafiyar nan don kansa ma. Yana so a ga shi ne a gaba.

A barandar ɗakin haihuwa wani tsoho yana tsugune jikin bango, hularsa a hannu, rigarsa duk ta ɓaci. Sista Prisca ta fito da sauri ta nuna shi da haɓa. "Mahaifinta ne, Malam Barau. Mijin yana ci-rani a kudu. Na gwada na tsohon, bai yi ba."

"Na Dutsen fa?" in ji Manu.

"Har yanzu a kashe."

"In aka ɗan jira zuwa la'asar?"

Ta dube shi, ta dubi Iliyasu. "Ni zan iya jira. Zahara'u ce ban sani ba."

Ta koma ciki. Ƙofar ba ta rufu duka ba, Iliyasu ya hango ƙafa ɗaya a ƙarshen gado, tafin ya yi fari fat, da ragowar lallen da aka sa don murnar haihuwa. Haka aka ce masa ƙafar Hapsatu take ranar. Shi kuwa a ranar yana Kano wajen taro, sai da aka gama komai ya iso.

Ya fito harabar asibitin ya tsaya. Ya zaro waya ya nemi lambar mutumin Dutse daga wajen Sista, ya kira da kansa. A kashe. Ya sake kira. A kashe dai. Haushi ya kama shi, haushin mai wayar, da na Sista, har da na yarinyar da ta rasa ranar haihuwa sai yau. Da ya gane abin da yake ji, kunya ta rufe shi.

Ya koma ya sami Manu. "Ka sauke sirdin kekena, ka fi ni gajarta. Naka birkinsa ba shi da kyau."

"Iliyasu…"

"In sun ba ka lasifika, ka ce musu jagoranku yana gida, ka faɗi dalili. Shi ke nan."

Ya kwanta a gadon ɗakin gwaji, ya kau da kai lokacin da allurar ta shiga. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ledar tana cika a hankali, shi kuma yana lissafa garuruwan da ba zai gani ba, har ya daina. Tana cika Sista ta sure ta ta fita ba ko sannu.

Sai da rana ta yi sanyi ta dawo, ta ce jinin ya tsaya, Zahara'u ta buɗe ido ta tambayi jaririnta. Manu tuni ya tafi sanar da sauran. Iliyasu ya shanye lemon da aka ba shi, ya miƙe, ƙasa ta ɗan juya masa. Ya dafa bango ya fita bakin ƙofa neman acaɓa, babu ko ɗaya.

"Yaro, kai ne ka ba ta?"

Malam Barau ne, yana tura wani tsohon keke da aka ɗaure kariyarsa ta baya da igiyar roba. A kansa ya biyo motar da ta kawo 'yarsa, don babu wuri. Ya riƙe hannun Iliyasu da hannu biyu, ya yi ta yi masa addu'a. Bai tambaye shi suna ba, bai kuma san wata tafiya ba.

"Ba za ka taka da ƙafa ba a haka. Hau in kai ka gida."

"Baba, ka bari, zan iya."

"Hau na ce."

Iliyasu ya hau bayan. Tsohon ya tura da ƙafa ɗaya, keken ya yi tangal-tangal, sarƙar tana kukan rashin mai. Da suka hau kwalta Malam Barau ya ɗan waiwayo.

"Ka riƙe ni da kyau, yaro. Kada ka ji tsoro. Na ga alama ba ka saba da keke ba."

Iliyasu ya ce, "To, Baba." Ya kama rigarsa ya riƙe.