Guzurin Jibril

Tun ranar da Jibril ya dawo Daura ya nuna wa mahaifiyarsa Haulatu hoton jirgin ruwansa a waya, hankalinta bai kwanta ba. Wai jirgi ne mai gindi biyu, kamar kwale-kwale biyu da aka ɗora wa ɗaki a tsakiya, kuma iska ke tura shi. Shi da abokinsa Kabiru suka saye shi tsoho a Dakar, shekara uku suna fama: su kankare ƙasansa, su sauya igiyoyi, su ɗinke ƙyallen da ke kama iska, gishiri ya cinye, su sake. Haulatu dai ta ce to. Mutumin da ya girma ko rijiya ba ya leƙawa, yau shi ne mai jirgi.

Abin da ya ƙara mata zargi shi ne guzurin da ya roƙa: garin kunu tiya takwas, da kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, ga kilishi himili guda. Haulatu ta shekara talatin tana dafa wa 'yan gayya abinci, ba a yi mata wayo a kan awo. Wannan abincin mutum ashirin ne na kwana huɗu. Kuma ta san irin jiragen da ke kwasar mutum ashirin a ɓoye su nufi Turai. Ɗan ƙanwarta na Mashi a irinsu ya shiga, har yau ko takalminsa ba a gani ba.

Ta ƙi surfa geron. Kwana biyu tana kasa kunne in yana waya, ba ta ji komai ba sai zancen igiya da fenti. Da safe ta tsare shi a gindin turmi.

"'Ya'yan wa za ka ɗauka? Faɗa mini gaskiya, don ba zan daka guzurin da za a kai 'ya'yan mutane halaka ba."

Jibril ya durƙusa. "Inna, daga ni sai Kabiru. Teku za mu ƙetare zuwa Brazil. In iska ta yi kyau, kwana ashirin ba mu ga ƙasa ba. In ta ƙi, arba'in."

Ta sake yin awon a ranta, ya fita daidai. Gaskiya ya faɗa, kuma tsoro ya kama ta fiye da na jiya, don ko faɗan da za ta hana shi da shi babu.

Ta jawo buhun gero ta auna takwas ɗin, ta tsaya, ta ƙara biyu.