Kamu Huɗu da Rabi

Tun da hantsi Hamman yake leƙa hanyar da ta taso daga Badafi, ko zai hango motar Likita Ubale. Ya fita bakin ruga ya fi sau biyar. Duk dawowar da ya yi sai ya tarar da kakarsa, Dada Yalwa, tana kaɗa nono a gindin ɗorawa, tana bin sa da ido.

"Maigida, ko kishin kaina ne ya hana ka zama? Zauna mana, ka bar ƙasa ta huta."

Ya yi murmushin dole ya zauna a kan turmi, gwiwoyinsa suka kusa kai masa haɓa.

Sunan Likita Ubale na gaskiya Osvaldo, mutumin Ajantina ne. Tun da ya zo aikin rigakafin shanu a yankin Tiga, makiyaya suka mayar da shi Ubale, shi ma ya riƙa amsawa. Kafin ya zama likitan dabbobi, shekara goma sha ɗaya ya yi yana buga ƙwallon kwando a ƙasarsu, ita ce sana'arsa, sai ranar da ya diro daga sama a wani wasa gwiwarsa ta hagu ta juya. Shi ya kafa kwando a makarantar su Hamman da ke Kiru, kuma duk Laraba yakan zo ya koya musu. Shekara biyu ke nan. Gobe Asabar za a zaɓi 'yan wasan jiha a Kano, kuma Hamman kaɗai Likita ya ce zai kai. Abin da ya rage shi ne takarda guda, wadda sai mai iko da yaro ya dangwala mata yatsa.

Mahaifin Hamman, Ahmadu, bai shiga maganar ba. Hamman ɗan fari ne, ko sunansa ba ya faɗa. Da aka tuntuɓe shi sai ya kalli garke ya ce a tambayi tsohuwa, ita ke da abinta. Mako uku Hamman ya yi yana lallaɓa Dada, yana ɗebo mata ruwa, yana matsa mata ƙafa, kafin ta ce, "In ga mutumin tukuna."

Motar ta iso bayan an sauko daga Juma'a. Hamman ya riga ya karanta wa Likita komai: ya cire takalmi, ya durƙusa, kada ya miƙa mata hannu, kada kuma ya ƙi shan abin da aka ba shi. Likita ya yi duka. Da ya zo durƙusawa gwiwar ta ƙi, ya sauka a karkace yana cije baki.

"Sannu Dada. Ina wuni? Yaya shanu?"

"Jam," in ji Dada. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Ashe can ma ana haifar irinku. Ni na ɗauka mu kaɗai Allah ya jarraba da masu ƙarar da tuwo."

Hamman ya fassara, Likita ya yi dariya, ya shanye ƙwaryar nono tas. Sannan ya ciro hoto daga aljihu. Ga shi nan da ƙuruciya, cikin 'yar shara mai lamba tara, a sama kamar an rataye shi, mutane damƙam a bayansa. Dada ta riƙe hoton nesa da fuskarta.

"Duk waɗannan ba su da aikin yi ne?"

"Kallo suka zo, Dada," in ji Hamman.

"Tambaye shi, ana mutuwa a wannan wasan?"

Likita bai jira fassara ba. "A'a, ba mutuwa. Gwiwa kawai." Ya naɗe ƙafar wando ya nuna mata tabon ɗinki, dogo kamar shanshani.

Hamman ya dafe kai. Wannan ne kaɗai abin da ya manta bai hana shi ba. Dada ta daɗe tana kallon tabon.

"To," ta ce, "ai saniya ma tana yi wa mutum wanda ya fi wannan." Ta dafa ƙasa ta miƙe. "Bari in ɗauko masa man shanu, kada ya koma ya ce ya zo gidan marowata. Ku shirya takardar."

Ta shige bukka. Hamman ya sauke numfashi.

Likita ya shimfiɗa takardar a cinyarsa yana cikewa, sai ya tsaya a wani layi. Ana son tsayin ɗan wasa. Ya laluba aljihunsa, ya je mota ya dawo. Ya baro tef ɗinsa na awo a Tiga.

"Ba komai," ya ce. Ya tsallaka gonar da aka girbe, ya zaɓo karan dawa dogo, miƙaƙƙe, ya zage ganyen. "In na koma gida zan auna karan. Ƙasan nan ba daidai ba, ga rairayi. Kwanta a tabarma, Hamman, ka miƙe sosai."

Hamman ya san abin tun kafin Likita ya rufe baki. Ko yaro a ruga ya san wanda ake gwadawa da kara. Bai taɓa ce wa malaminsa a'a ba, bai kuma san yadda zai faɗi wannan da Turanci ba. Ya dubi ƙofar bukka. Yana jin Dada tana buɗe ƙore. Ya ce a ransa abu ne na ƙiftawar ido, kafin ta fito an gama.

Ya kwanta. Likita ya jera karan a gefensa, ya daidaita shi da tsakar kansa, ya rarrafa wajen ƙafa.

"Kada ka motsa. Haɗa ƙafa."

Ya sa babban yatsa daidai diddige ya karya karan, ɓas.

Abin da Hamman ya fara ji shi ne faɗuwar ƙwarya. Ya zabura ya zauna. Dada tana tsaye a bakin bukka, man shanu ya kife a ƙasa, ba ta ko kalle shi ba. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, leɓɓanta kawai ke motsi. Ta tako a hankali ta miƙa hannu, Likita ya ba ta karan yana murmushi, don ya zaci so take ta ga tsawon jikanta.

Ta ɗora shi a gwiwa ta karya, ta sake karyawa, har sai da ya zama guntaye. Ta zuba su a murhu.

"Ka ce wa baƙonka ya gaida gida."

"Dada, bai sani ba ne."

"Kai fa? Kai ma ba ka sani ba?" in ji Dada. "Ina tsaye a nan aka fita da karan kakanka. Wannan tsawon ne, ko ɗan yatsa babu bambanci. Ba inda za ka."

Likita yana kallon wannan yana kallon wancan. Hamman ya tattaro Turancinsa, kansa a ƙasa, ya gaya masa cewa a nan gawa ake gwadawa da kara, a kai wa masu haƙa kabari. Fuskar Likita ta yi ja har kunnuwa. Ya ce wani abu da yarensu. Ya ce, "Dada, yi haƙuri," sau uku, ba ta juyo ba. Can wajen garke Ahmadu ya daina abin da yake yi, amma bai matso ba.

Hamman ya ga Kano tana yi masa nisa. Ya tuna safiyoyin da ya yi yana gudu daga ruga zuwa Kiru, ya tuna bai taɓa tunanin abin da zai yi in aka ce a'a ba.

Sai Likita ya koma gona, yana ɗingishi, ya ɗauko wani karan. Ya zo gaban Dada, ya kwanta tsawonsa a ƙasa, ba ma a tabarma ba, ya miƙa wa Hamman karan.

"Ni ma. Gwada ni. In sharri ne, mu raba."

Hamman ya tsaya da kara a hannu, ya rasa inda zai sa kansa.

"Jefar da abin nan," in ji Dada. Ta dubi Likita da ke miƙe a gabanta, ƙasa duk ta ɓata masa gashi. "Kai kuma tashi. Ba ka da uwa ne? Tana can tana jiranka, ka zo ka kwanta min a ƙofar ɗaki."

"Tana nan. Ta tsufa," in ji Likita daga kwance.

"To tashi don ita."

Sai da Hamman ya kama shi ya iya miƙewa. Dada tana kallon guntayen karan suna cin wuta.

"Mai rai a tsaye ake gwada shi," ta ce daga ƙarshe. "Kife min turmin nan. Kai, tsaya a nan."

Ta fara daga diddigen Hamman, tana ɗora gwiwar hannu tana kai yatsa, kamar mai auna yadin riga, tana karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Da ta wuce ƙirjinsa ta dafa kafaɗarsa ta hau turmi. Hannunta da ya taɓa tsakar kansa sanyi ƙalau yake.

"Kamu huɗu da rabi. Haka za a rubuta, ba da kara ba."

Likita bai yi musu ba. Ya rubuta haka a layin, ya buɗe mata tawada. Ta sauko, ta dangwala yatsa, ta danna a takardar da ƙarfi har ta kusa hudawa.

"In sun ce bai kai ba," ta ce, ba ta kalli kowa ba, "a dawo min da shi a ranar, kafin shanu su shigo."