Sukuru Mai Jan Fenti

Shekara da shekaru Baba ya yi yana gyaran babura a bakin titi, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. 'Ya'yansa suka taru suka rufe masa rumfa, Auta ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa. To gwiwoyin ne suka yi ritaya, kunnen bai yi ba. Babur ya gifta ta bayan katanga, Baba zai ajiye kofin shayi ya ce, "Wancan filoginsa ya mutu," ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Sai ga shi Auta ya samu aiki a wani kamfanin kai saƙo, bayan ya sha zaman gida har ya fara ramewa. Suka ba shi babur da akwati a baya, kullum da yamma ya shigo da shi tsakar gida ya jingine daidai tagar Baba. Kuma silon babur ɗin, wato juyin injin in yana tsaye, ya yi ƙasa. In ya tsaya sai ya dinga kakkarwa kamar zai mutu, sannan ya farfaɗo. Wannan ƙara ta hana Baba sakat.

"Murɗa ɗaya yake so," in ji shi. "Rabin murɗa ma."

"Baba, don Allah ka rabu da shi," Auta ya ce. "Wannan ba shi da kabureta, kwamfuta ce ke auna masa mai. Kuma ba nawa ba ne. Sun ce ko noti ɗaya aka kwance ba a garejinsu ba, mutum ya kuka da kansa. Ka ga dai halin da ake ciki."

Halin da ake ciki shi ne matar Auta da tsohon ciki, ga hayar gida, ga maganin gwiwar Baba. Baba ya san duk wannan sarai. Ya ce to, ya ji.

Ranar hutun Auta suka tafi awo asibiti da matarsa, a motar haya. Gida ya yi tsit. Makullin babur yana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Baba ya wuce shi ya je ya sha ruwa, ya dawo ya sake wuce shi, a na gaba ya ce ai saurare kawai zai yi. Tsohon makanike kuwa in ya ce saurare kawai zai yi, to sukudireba tana aljihunsa.

Ya tayar da injin, ya cire murfin gefe, ya leƙa. Ba kabureta, gaskiyar yaron ne, amma ga wani ƙaramin sukuru a gindin totur, daidai inda na silo yake zama, an ɗiga masa jan fenti a ka. Baba ya ɗauka ado ne. Ya kafa sukudireba ya murɗa, fentin ya tsage, injin ya ɗaga murya ya daidaita sumul. Wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa, irin wanda ya manta da shi tun da aka rufe rumfa. Da daɗin ya yi yawa sai ya ga wani soket a gefe ya yi ƙura, ya ce bari ya goge shi tunda an zo. Ya ja, bai fito ba. Ya ƙara ƙarfi, ɗan kunnen robar da ke riƙe shi ya ɓalle ya faɗa cikin yashi.

Yana ɗagowa ya ga wata 'yar fitila a jikin mita, mai haruffa biyu, FI, tana ƙifta masa ido.

Ya mayar da soket ɗin, ya ƙi zama, ya samo siririyar wayar tagulla ya ɗaure shi tam. Ya mayar da sukurun baya, amma ya manta murɗa nawa ya yi, ya ƙara, ya rage, ya sake ƙarawa. Injin ya koma tari, fitilar kuma ko a jikinta. Daga ƙarshe ya kashe, ya rufe murfin, ya goge tankin da gefen rigarsa, ya mayar da makulli a ƙusa. Da su Auta suka dawo suka tarar da shi kwance, ya juya wa ƙofa baya. Surukarsa ta kawo abinci, ya ce kansa ke ciwo. Har magani baiwar Allah ta aiko masa, ya karɓa ya haɗiye don kunya.

Washegari da safe Auta ya danna sitata. Babur ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Ya sake, ya sake mutuwa, fitilar na ta ƙiftawa.

"Ikon Allah. Lafiya lau fa na ajiye shi." Ya juyo. "Baba, ka ji abin da yake yi?"

Nan ne wurin faɗin gaskiya, Baba kuma ya san nan ne. Bakinsa ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Kayan zamani ai sai a hankali."

Auta ya ce zai tura shi garejin kamfani, ba nisa. Baba ya ce zai raka shi ya miƙe ƙafa. Ya karɓi hular kwano ya rungume, yana ɗingishi a baya, yana kallon zufa na jiƙa bayan rigar ɗansa. Duk inda hanya ta yi tudu sai ya ji kamar a ƙirjinsa ake tura babur ɗin.

Garejin bai yi kama da gareji ba. Daɓe fes, ba ɗigon baƙin mai, sifanoni a jere a bango kowanne da gurbinsa. Makaniken wurin safar hannu yake sawa, shi ya sa 'yan kai saƙo ke kiransa Likita. Ya gaishe da Baba da ladabi, ya jawo masa kujera, sannan ya ɗage kujerar babur ya haɗa wasu wayoyi biyu, ya murɗa makulli.

"Fitilar nan magana take yi, Baba," ya ce, ganin tsoho ya miƙa wuya. "Doguwar ƙiftawa goma ce, gajera ɗaya. Ƙirgawa kawai za ka yi, ta gaya maka inda ke mata ciwo."

Suka zuba ido su uku. Baba yana ƙirgawa a zuci, yana addu'ar ta yi ƙarya. Gajeru takwas, ta huta, ta sake takwas.

"Sensan totur," in ji Likita. "Shi ke gaya wa kwamfuta yadda aka murɗa hannu. Wataƙila ruwa ne ya shiga."

Ya cire murfin gefe, ya haska tocila. Ya taɓa sukurun da ɗan yatsa, ɓurɓushin jan fenti ya maƙale a safarsa.

"Wannan daga masana'anta ake saita shi, shi ya sa ake ɗiga fenti, don kada a taɓa. Ga kuma soket an karya an ɗaure." Ya dubi Auta. "Ɗan'uwa, wa ya shiga nan?"

Auta ya durƙusa ya leƙa. Ɗaurin wayar ya gani, an murɗe bakinta an lanƙwasa shi ciki don kada ya soki hannu. Da irin wannan ɗaurin aka gyara masa takalmin makaranta, da shi aka gyara hannun butar gidansu. Ya ɗago ya dubi mahaifinsa sau ɗaya, bai daɗe ba, ya mayar da ido kan babur. Baba ya so ƙasa ta tsage.

Likita ya ce shi ba shi da ikon rufe wannan magana, dole manaja ya gani. Manajan ya fito daga ofis, mutum mai faɗin fuska da alamar bai son tashin hankali. 'Yan kai saƙon da ke jiran a duba baburansu suka matso.

"Ni ne, ranka ya daɗe," Auta ya ce tun kafin a tambaye shi. "Silon ne ya dame ni, na ce bari in gwada. Kuskure ne."

Manaja ya girgiza kai. "Kai da ban taɓa samun ƙorafi a kanka ba? To ka ja wa kanka. Ka tafi gida mako guda, ka dawo mu ga hankalinka."

Auta ya sunkuyar da kai ya ce ya gode. Abokan aikinsa suka fara zolayarsa, wani ya ce ashe injiniya gare su ba su sani ba, aka yi dariya.

Dariyar ce Baba ya kasa ɗauka. Yaronsa, wanda ya roƙe shi har da don Allah, ya tsaya a gaban mutane yana ƙarya don ya rufa masa asiri, shi kuma yana zaune a kujera rungume da hula kamar baƙo. Tun jiya abin ke cin sa, yanzu ya zo masa wuya. Ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, yaron nan bai taɓa komai ba."

"Baba, zauna," Auta ya ce da sauri.

"Ba zan zauna ba. Ni na murɗa, ni na karya, ni na ɗaure. Shi yana asibiti da matarsa. Makullin yana rataye a ƙusa na ɗauka, har tayar da injin na yi. In hukunci ne a yi mini, kada a taɓa shi."

Ya faɗa da ƙarfi, yadda kowa zai ji, ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Sai ya lura ba mai dariya kuma. Likita ya juya yana gyara sifanonin da ba su karkace ba. Auta ya rufe ido.

Manaja ya daɗe yana shafa goshi.

"Baba, da ka yi shiru," ya ce a hankali. "In ma'aikaci ya taɓa inji, laifi ne tsakaninmu da shi, ina da ta cewa. Amma in makulli ya shiga hannun wanda ba ma'aikacinmu ba, wannan maganar inshora ce, kuma kora ce kai tsaye. Ba ni na kafa dokar ba, ba ni da ikon ɗage ta. Ga shi ka faɗa a gaban jama'a."

"To na janye," in ji Baba. "Tsufa ne, ban san abin da nake faɗa ba."



Auta ya zare makulli ya ajiye a kan tebur. Ya cire rigar kamfani ya ninke ta da kyau, ya ɗora a kai. Sannan ya zo gaban mahaifinsa ya miƙa hannu. Baba bai gane ba sai da ya ce, "Hular, Baba. Tasu ce."

A hanya Baba ya yi ta jiran faɗa. Da Auta zai daka masa tsawa, ko ya yi gaba ya bar shi, da ya samu sauƙi. Amma yaron ya rage tafiya daidai da ɗingishinsa, in sun zo tsallaka titi ya riƙe masa gwiwar hannu. Baba ya ce, "Auta," ya kasa ƙarasawa. Auta ya ce, "Na sani, Baba. Taka a hankali."

Surukar tana shanya a tsakar gida, hannu ɗaya a ƙugu saboda nauyin ciki. Ta dube su, ta leƙa bayansu.

"Ina babur ɗin? Gyaran zai daɗe ne?"

Auta ya tsaya yana cire takalmi, bai ɗago ba.

"Zan gaya miki," ya ce. "Fara zuba wa Baba abinci, tun jiya bai sa komai a cikinsa ba."